Kwalabe Sittin da Uku

Shagona yana Matosinhos, bayan kasuwar kifi,
inda, in ji masu hanci, ƙarni ke riga ni buɗe ƙofa.
Kwalabe sittin da uku a kan kanta,
kowace ba ta kai babban yatsa ba,
kowace ɗauke da sunan abin da babu shi a cikinta:
kankana, kirfa, inabi, gahawar safe.

Anselmo ke fara zuwa, hannuwansa duk gishiri.
Shekara arba'in da ɗaya yana zuƙar taba a kan teku,
har ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila,
ya yi shiru.
Da ya zo sayen sigarin lantarki
na miƙa masa ruwan mai ɗanɗanon taba, a zatona shi zai nema.
Ya ture da bayan hannu:
"Wanda ya tsira daga kura ba ya ajiye fatarta a ɗaki.
Ba ni mangwaro."
Bai taɓa tsayawa gindin mangwaro ba.
Ga shi yanzu, ƙato mai furfura, yana ɗinkin koma a bakin jirgi
cikin gajimare mai ƙamshin alewa,
abokai na ta dariya, shi ko a jikinsa.
Tarin bai tafi duka ba. Ya dai rage murya.

Ermelinda, nas mai aikin dare,
na'ana'a mai sanyin ƙanƙara, ba canji.
Ta ce ƙarfe huɗu na asuba
tana son abin da zai mari maƙogwaro ya ce tashi.
Ranar da ta ƙare mini, ba ta karɓi madadi ba,
ta juya, takalminta na kuka a kan tayil.

Akwai lauya mai sayen ɗanɗanon kek da madara,
kullum sai ya ce na matarsa ne.
Kafin ya sha kwana na ga tururi ta saman hularsa.

Wani mai gashin baki ƙwaya bakwai ya ce ya kai ashirin.
Na ce kati. Ya ce ya manta.
Na ce to, kwalbar ma ta manta da kai.

Sai Valdemar, ranar Alhamis, bayan ruwa ya ɗauke.
Ya karanta kwalaben ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman suna a maƙabarta.
Ya ce, "Ɓaure nake so,
irin wanda Odete ke dafawa da sukari
har ya kama gindin tukunya."
Na haɗa masa biyu da ɗigo uku na wata.
Ya ja, ya riƙe, ya lumshe ido,
ya saki a hankali kamar mai tsoron kada ya zube.
"Ya kusa," in ji shi. "Saura ƙaurin."
Ba a sayar da ƙauri a kwalba.
Duk da haka ya biya, kuma duk Alhamis yana dawowa
mu sake kuskurewa tare.

Ban taɓa ce wa kowa magani nake sayarwa ba.
Igiyar dai tana nan a wuya,
launi aka sake mata, aka ɗan sassauta ƙulli.

Abin da ba su sani ba:
shekara uku ke nan da zazzaɓi ya tafi da hancina,
bai dawo da shi ba.
Mangwaro a wurina kafaɗun Anselmo ne in sun sauka,
na'ana'a girar Ermelinda ce in ta ɗaga.

Da dare in na ja ƙofar ƙarfe rabi,
nakan buɗe kwalba ɗaya, kowace hannu ya faɗa wa,
in kai ta hanci, in jira.
Jiya ta sha bakwai ce.
Sai da na kunna fitila na ga ashe lemun tsami ne.